Ruwa ya shigar mana ɗaki, kafet ya yi hunhuna katakon ƙasa ya kumbura, ya zan yi?

Maman_Ilham_KT:
Assalamu alaikum ƴan uwa dan Allah shawara nake nema. Mun tafi Funtuwa biki, ashe ruwan da aka tafka daren Juma'a ya shigo mana gida, mu a Sabuwar Unguwa muke kuma gidan namu ya ɗan yi ƙasa da titi. Ba mu dawo ba sai Talata. Falo kafet ne malale bango zuwa bango da soso a ƙarƙashinsa, ɗakin maigida kuma irin ƙasan katakon nan ne aka sa. Ruwan dai ya janye amma kafet ɗin in ka taka sai ka ji ruwa na fitowa, ga wani baƙi-baƙi da kore-kore ya fito ta jikin bango da bayan kujera, wari kuwa ba a magana. Katakon shi ma ya tattashi a wajen haɗi. Na goge da omo na kunna turaren wuta amma da safe warin ya dawo. Kafet ɗin Babanmu ne ya saya mun cikin kayan ɗaki wlh ba na son in yar da shi. Wanda ya san yadda ake yi ya taimaka mun.

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ayya sannu Maman Ilham, Allah ya mayar da alheri ya tsare gaba.

Sagir_Kofar_Marusa:
Hajiya ki sa yara su naɗe shi a kai wajen masu wankin mota, suna da injin feshin nan mai ƙarfi da na zuƙe ruwa. A wanke a shanya a rana kwana biyu shikenan. Namu haka aka yi bara da tankin sama ya yi ambaliya cikin dare, har yau muna amfani da shi ba wari ba komai.

Injiniya_Layout:
Sagir naku ruwan tanki ne, ruwa mai tsabta, kuma na tabbata washegari kuka fitar da shi. Nata daban ne. Hajiya tambaya biyu kafin kowa ya ba ki magani: ruwan ta rufi ya zubo ko ta ƙofa ya shigo daga titi? Sannan katakon nan, in kin duba inda ya tashi, cikinsa itace ne na gaske ko kuwa kamar garin katako ne da aka matse aka manna masa hoton itace a sama?

Maman_Ilham_KT:
Ta ƙofa ne Injiniya, kwatar layinmu ce ta cika ta juyo, har tsakar gida akwai shara da ledoji da ya kwaso. Katakon kuma na je na duba yanzu, cikinsa ruwan ƙasa ne yana marmashewa a hannu, saman ne kawai mai zanen itace.

Injiniya_Layout:
To gaskiya zan faɗa maki ba don in ɓata maki rai ba. Hunhuna tana fara kama abu mai laima cikin awa 24 zuwa 48, wannan shi ne abin da hukumar kare muhalli ta Amurka wato EPA take faɗa, shi ya sa ake cewa duk abin da ya jiƙe a busar da shi kafin kwana biyu. Naki ya wuce nan da nisa, kuma ruwan kwata ne, ya biyo ta bakin masai da shara da kashin dabbobi. Sosan da ke ƙarƙashin kafet ɗin babu maganar wanke shi, a yanka shi gunduwa-gunduwa a zuba a buhu a ɗaure a fitar. Shi kafet ɗin a ɗaga shi yau ɗin nan kada a kai gobe, a duba bayansa, domin abin da kike gani a sama kaɗan ne, ainihin ɓarnar tana bayan, wajen zaren da ya riƙe shi. In bayan ya yi baƙi a wurare da yawa ko zaren ya fara saki in an ja, ni dai shawarata a haƙura da shi. In ta gefe-gefe ne kawai ana iya yanke gefen a wanke tsakiyar sosai a kai wa mai ɗinki ya naɗe bakin, ya koma kafet ɗin tsakiya.
Katakon naki laminet ne. Cikinsa garin katako ne da gam, in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa ko da ya bushe, kuma ba a goge shi da samfefa don saman ɗan siriri ne. Sai dai a cire waɗanda suka kumbura.

Hajiya_Turai_GRA:
Ni dai a nawa ganin Hypo ce maganin wannan abu. Ki zuba ta da yawa a bokiti ki haɗa da ɗan Harpic da Dettol ki kwarara a wajen, ba hunhunar da za ta rayu.

Nas_Hauwa:
Dan Allah Hajiya Turai a'a, don girman Allah kada kowa ya yi wannan haɗin!! Hypo da Jik bilic ne, ruwan wankin masai irin Harpic kuma asid ne a cikinsa, in suka haɗu iskar kulorin ce take tashi, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, a rufaffen ɗaki tana iya kai mutum asibiti ranga-ranga. Haka in aka haɗa bilic da ruwan khal wato binega, ko da duk wani abin goge-goge mai amoniya. Bilic da ruwa zalla kawai ake haɗa shi. Ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka wato CDC ta bayar shi ne kada ya wuce kofi 1 a galan 1 na ruwa, wato kusan lita 4, kuma tagogi a buɗe.

Hajiya_Turai_GRA:
Innalillahi, to Allah ya saka da alheri ƴata. Kowa ya ji dai, a bar haɗin.

Zee_Kwado:
Kuma Hypo a kan kafet ai cinye kalar take, ya yi dabbare-dabbare fari. A siminti ko tayil ne take aiki.

Baba_Kafinta_Kofar_Kaura:
Salamu alaikum. Ni sana'ata ke nan tun ina yaro, bari in sa baki kan katakon. Abin da Injiniya ya hwaɗa gaskiya ne, laminet in ya kumbura ya tahi. Amma ɗiyata kada ki bari a ɓalle shi da guduma da ƙarhi, yawancinsa ba a kahe yake da ƙusa ba, harɗe shi ake yi ɗaya cikin ɗaya. A hwara cire katakon da ya zagaye gindin bango, sannan a riƙa zare su daga gehen bango ɗaya bayan ɗaya, a sa lamba da fensir a bayan kowane. Waɗanda ruwa bai taɓa ba a jingine su a inuwa wurin da iska ke bi, kada a jibge su bisa juna. Ƙarƙashinsu akwai wata siririyar katifa ko leda, nan ruwa ke kwanciya, za ki iske shi nan kwance ko da sama ya bushe. Ita ma a hidda ta.
Wanda nashi katako ne na gaske kuwa, irin maɗaci ko loko, to shi shina da rai, ana ceto shi.

Abu_Hanif_Daura:
Baba na gode da ka kawo wannan maganar don ni tawa matsalar ke nan. Ina Daura, falon gidan da na gada katako ne na gaske ƙanana da aka jera, firij ya yi ta ɗigar da ruwa ta baya ba a lura ba, yanzu wajen ya yi baƙi kuma gefen kowane falanki ya ɗaga tsakiyarsa ta lotsa. Wani yaro ya ce zai zo da injin guga ya daidaita shi gobe ya shafa banish. In bar shi?

Baba_Kafinta_Kofar_Kaura:
Kada ka bar shi Malam. Mi ya sa gehen ya ɗaga? Don ƙasan falankin ya hi samansa laima, sai ya kumbura ta ƙasa ya lanƙwashe. In aka goge shi yanzu aka daidaita, ranar da ya bushe ya koma yadda yake sai ka ga tsakiya ta yi tozo gehen ya yi ƙasa, ka ɓata katako da kuɗinka. Banish kuma rufe laimar zai yi a ciki hunhuna ta ci gaba da cin ta ta ƙasa. Ka gyara firij ɗin tukuna ko ka matsar da shi. Ka sa hwanka tana hura wajen dare da rana, in da hali a cire falanki ɗaya ko biyu iska ta shiga ƙasa. Katako ba ya son gaggawa, shina iya ɗaukar makonni, kuma da yawa in ya bushe da kanshi yake kwantawa. Ni in nawa ne sai in bari iskar hunturu ta hwara sannan in yi gugar. Hunhunar sama kuwa tsumma mai ɗan laima da ruwan omo ko ruwan khal, a goge a bi da busasshen tsumma nan take, ba a kwarara wa katako ruwa. Kuma kada a hidda shi a shanya a tsakar rana, tsagewa zai yi.

Injiniya_Layout:
Ƙari kan maganar Baba, akwai ɗan na'urar auna laimar katako mai ƙusoshi biyu, in an samu sai a auna inda ya jiƙe a auna wani ɓangaren ɗakin da ruwa bai taɓa ba, sai lambobin sun zo kusa da juna sannan a yi guga. Baƙin tabon da ya shiga cikin itacen kuma in samfefa ba ta fitar da shi ba ana amfani da asid ɗin okzalik, shi ne masu gyaran katako ke sawa ya washe, amma da safar hannu, kuma a wanke shi a bari ya bushe kafin banish.

Dan_Rimi_07:
Ni abin da ke ba ni takaici duk shekara maganar ɗaya ce. Watan Agusta ya zo kowa na kuka da ruwa amma mu ne muke cika kwata da ledar fiya wata da shara, wani ma ya gina shago a kan hanyar ruwa. Mun ga abin da ya faru a Jibiya a Yulin 2018, rayuka da gidaje da dabbobi suka salwanta cikin dare ɗaya. Maman Ilham ko kin sayi sabon kafet in ba a yashe kwatar layinku ba ruwa na gaba zai dawo. Ku haɗu da maƙwabta matasa su fito ran Asabar.

Sagir_Kofar_Marusa:
Wannan haka yake. Mu a layinmu kowane gida ɗan abin da ya samu yake bayarwa a sayi shebur da baro a biya masu kwasa. Sannan a ɗaga dokin ƙofa da bulo layi ɗaya ko biyu, yana taimakawa sosai.

Maman_Ilham_KT:
Gidan haya ne fa, kuma katakon mai gidan ne ya sa ba mu ba. Yanzu wa zai biya gyaran? Maigidana ya kira shi ya ce sai ya dawo daga tafiya.

Lauya_Mai_Jiran_Aiki:
Ya danganta da abin da kuka rubuta a takardar haya. Amma kafin ku taɓa komai ku ɗauki hoto da bidiyo, da alamar inda ruwa ya kai a bango, ku tura masa ta WhatsApp ku gaya masa za ku cire don kada ɓarnar ta ƙaru. Kada ku jira dawowarsa abu na ruɓewa. Waɗanda kuka cire ku ajiye masa ya gani da idonsa.

Ummu_Sadiq:
Ni fa tsarki ne ya dame ni. Ruwan kwata ya jiƙa kafet, ko an wanke ana iya salla a kai?

Malam_Sani_Gobarau:
Malama najasa tana gushewa ne in an wanke da ruwa mai tsarki har launinta da warinta suka tafi, ruwan da ke fita ya fito a yadda yake. In an yi haka ya tsarkaka. Sai dai kafet malale mai kauri da wuya ruwa ya ratsa shi yana shimfiɗe a ɗaki, sai an fitar da shi. Amma a lura, abu yana iya zama mai tsarki kuma yana cutar da lafiya, wannan ɓangaren na bar wa su Nas Hauwa.

Kaka_ta_Rahamawa:
Mu a da ɗakin ƙasa in ya yi ruma kasko muke cikawa da garwashi mu ajiye tsakar ɗaki mu ja ƙofa, kafin safe ya bushe ƙarau. Jikata ce ke rubuta mun. Ki gwada ƴar nan.

Nas_Hauwa:
Kaka Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, amma ɗakunan da ai suna shan iska ta ko'ina, na yanzu siminti ne da gilas da silin. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da kala, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri ya kwanta barci shikenan. Haka hayaƙin janareta, wanda zai tada janareta don fanka ya ajiye shi waje nesa da taga, ba a baranda ko kicin ba.
Maman Ilham tambayata, akwai mai asma ko jariri ko tsoho a gidan? Hunhuna tana sakin ƙwayoyi ƙanana cikin iska, su ne ke jawo atishawa, toshewar hanci, ƙaiƙayin ido, tari, mai asma kuma ta tayar masa. Turaren wuta rufe warin kawai yake ƙwayoyin suna nan, hayaƙin ma ƙari ne ga ƙirjin yaro. Kuma ko an kashe ta da magani matacciyar ma tana sa wa mutum atishawa da tari, sai an kankare ta an fitar. Wanda zai yi aikin ya sa takunkumi N95 in an samu a kemis, da safar hannu ta roba da tabarau, kayan da ya sa a wanke su daban.

Maman_Ilham_KT:
Anti Hauwa Ilham ce ke da asma, kuma tun jiya da dare take tari wlh ban kawo cewa shi ne ba.

Nas_Hauwa:
Ki kai ta gidan Hajiyarku ko wata ƴar uwa yau, ta kwana can har a gama aikin ɗakin ya bushe. Abin shaƙarta ya kasance a hannu. In numfashi ya fara yi mata wuya ko kika ji ƙirjin na fito, asibiti kai tsaye kada a jira safiya. Ni saboda ita ma kaɗai ba zan mayar da wannan kafet ɗin falo ba, ki yi haƙuri na san abin Baba ne.

Zee_Kwado:
Gaskiya ni ban yarda a yar da shi haka kawai ba, kun san nawa kafet yake yanzu a Babbar Kasuwa? A gwada wanki tukuna mana, ruwan zafi da omo da buroshi, a ɗauraye sosai, a rataye shi kan katanga rana ta doki gaba da baya. In ya bushe a barbaɗa bekin soda a bar shi ya kwana a kakkaɓe. In bayan haka an sa hanci an ji wari to sai a haƙura. Amma a yi gwajin dai.

Injiniya_Layout:
Zee ban ƙi ba in ƙaramin wuri ne. EPA ɗin da na ambata cewa suka yi in wurin da ya yi hunhuna bai kai ƙafa 3 tsawo ƙafa 3 faɗi ba mutum na iya yi da kansa, in ya fi haka a nemi masu aikin. Matsalar wannan watan rana ba ta da tabbas, ka shanya da hantsi azahar hadari ya haɗo, kafet mai kauri in ya kwana biyu bai bushe ba ka koma gidan jiya. Sannan masu haɗa bekin soda da khal wuri ɗaya su daina, kashe juna suke, kumfar kawai ake gani. A yi amfani da kowane shi kaɗai.

Birkila_Musa_Kofar_Sauri:
Kowa na maganar kafet da katako an manta da simintin da ke ƙasa. Shi ma ya sha ruwa kuma shi ne ya fi jinkirin bushewa. In an kwashe komai a share taɓon, a wanke da omo da buroshi, sannan a bi da ruwan Hypo yadda Nas ta faɗa, a bar shi a buɗe. Kada a yi saurin shimfiɗa komai ko da ledar ɗaki ce, ita ma leda riƙe laima take. Ga yadda muke gwadawa: a yanko farar leda kamar faɗin tayil babba, a shimfiɗa a simintin a manne gefunan huɗu da salatif ruf, a bar ta kwana ɗaya. In an ɗaga an ga raɓa a jikinta ko simintin wajen ya yi duhu, to bai bushe ba. Bango ma haka, kada a shafa fenti a kan hunhuna, ɓarewa zai yi ta sake fitowa. Gidan da ba a sa leda ƙarƙashin jaman fulo wato kankaren ƙasan gini ba lokacin gini kuwa, yakan yi ruma da damina ko ruwa bai shiga ba, irin wannan gida tayil ne kawai ya dace da shi.

Sagir_Kofar_Marusa:
Taga fa, a buɗe ko a rufe? Wasu sun ce iskar damina ma laima gare ta.

Injiniya_Layout:
In rana ta fito a buɗe duka a sa fankar tsaye tana kallon taga tana tura iskar ɗakin waje. In hadari ya taso ko da dare a rufe. Mai AC ya rufe ɗakin ya sa ta a alamar ɗigon ruwa, tana zuƙe laimar iska, ana son laimar ɗaki ta sauka ƙasa da kashi 60 cikin 100. Abu ɗaya, kada a kunna fanka a kan hunhunar da ba a kwashe ba, watsa ta za ta yi cikin gida har ɗakin kwana. A fitar da kafet da soso tukuna, a goge, sannan fanka. Kuma a duba soket na ƙasa da wayar ekstenshan da ruwa ya taɓa, mai gyaran wuta ya gani kafin a jona komai.

Maman_Ilham_KT:
Na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri. Ilham tana gidan Hajiya. Ƙannen maigida sun zo sun ɗaga kafet ɗin, sosan duk ya yi baƙi an fitar da shi. Bayan kafet ɗin ta wajen ƙofa da bayan kujera ya lalace amma tsakiyar da sauƙi, maigida ya ce a yanke a kai wanki kamar yadda Zee ta ce, ni kuma maganar Anti Hauwa ta tsaya mun a rai, ba mu dai yanke shawara ba. Yanzu kuma da aka ja wadrob sai muka ga ƙasanta ya kumbura bayanta ya yi fari-fari kamar auduga, takalman da ke ciki ma haka. Baba Kafinta ita ma ta tafi ke nan?

Baba_Kafinta_Kofar_Kaura:
A'a ɗiyata ba duka ba. Bayan wadrob siririn falanki ne da ƙananan ƙusoshi, a ɓalle shi a sa sabo, ba shi da tsada. Gindin in ya kumbura kafinta shina iya yanke inci uku ko huɗu ya sa mata ƙahwahu na jan katako ko na ƙarhe ta tashi daga ƙasa. In za a maida ta kada a manna ta da bango, a bar tazarar tahin hannu. Takalman fata a goge su a waje da tsumma da khal a bar su a inuwa.

Abu_Hanif_Daura:
Baba na sallami yaron, na ce sai bayan damina. Amma katifa fa, ta ƙanena ta jiƙe ta gefe ɗaya ruwan indararo ne ya biyo ta taga, jiya-jiyan nan.

Nas_Hauwa:
In jiya ne kuma ruwan sama ne zalla ku cire rigar ku wanke, ku danne sosan da tawul ya tsotse ruwan, ku fitar da ita rana yanzu a jingine a tsaye iska na bin ta gaba da baya, ana juyawa. Ku matsa cikin da hannu ku ji, sama yana saurin bushewa ya bar tsakiya a jiƙe.

Zee_Kwado:
Maman Ilham in kun kai wankin ki ce masu su zuƙe ruwan da inji sau biyu, kuma kada su naɗe maki shi sai kin taɓa bayan da hannunki.